Shafi na Tamanin da Bakwai

A Mai Wurno, ƙarƙashin gadon igiya,
na tsinci littafin da ka aro ba ka mayar ba.
Hatimin makaranta na nan a bangonsa,
ga sunanka da jan biro: Mudassir.
Ganyen darbejiya ka saka inda ka tsaya,
shafi na tamanin da bakwai.

Kwana bakwai gidanmu bai rabu da mutane ba.
An sha gahawa har gawayi ya ƙare,
an gasa kisra, tabarmi sun kai bakin titi.
Kowa da kalmar da ya riƙo:
Sai haƙuri, Ihlas. Kwana ne ya ƙare.
Gaskiya suka faɗa, ban musa ba.
Amma ba wanda ya gaya mini
yadda zan yi da takalminka ɗaya
da kogi ya dawo mana da shi.

Sai na buɗe.
Labarin wani yaro ne sa'anmu,
ubansa ya tafi aikin dare, shi ke nan.
Na zaci zai yi kuka a shafin farko a wuce wurin.
Ina! Yaron nan tulu ya fasa.
Ya daki abokinsa a filin ƙwallo ba dalili,
ya yi dariya ranar uku, kunya ta kama shi,
ya ɓoye rigar uban don kada a wanke ta.
Na rufe littafin, na waiwaya.
Wa ya gaya wa marubucin nan
abin da ke ƙasan akwatina?

Manya suna da kasuwa,
suna da gonar da ba ta jiran mai makoki.
Mu 'yan sha shida fa?
In ana shawara, yara ne mu,
in hawaye ya zo, ai kin girma.

A gefen shafi na sittin ka rubuta da fensir:
"Wannan yaron wawa ne."
Na yi dariya har Inna ta ɗaga labule.
Na ce mata tari ne.
Ka gani, ba ka nan ma kana sa ni ƙarya.

Da na iso ganyen sai na tsaya.
Daga nan babu sawunka,
babu maiƙon yatsanka a kusurwa,
takarda fara fat kamar ba a taɓa haihuwarka ba.
Kwana uku ban juya ba.
Ranar Laraba na gangara bakin Nilu,
inda Baba Hamad ke ɗaure kwalekwalensa,
na zauna na karanta da ƙarfi,
ko za ka ji yadda ta kaya.
Ruwan na ta wucewa, ja da lakar damina,
bai ce uffan ba, haka ya saba.

To ga ƙarshen, tunda ba ka kai ba:
uban bai dawo ba.
Yaron ma bai warke ba, ba a yi mana ƙarya ba.
Wata safiya dai ya ji yunwa,
ya ci, ya ƙara,
ya ɗauki keken uban, ƙafarsa na kaiwa da ƙyar,
ya tafi sayo burodi.
Nan aka sa aya.
Da kana nan da ka ce an cuce mu.

Na kai wa Malama Su'ad littafin.
Ta duba ranar aro, ta duba fuskata,
ta ce, riƙe shi, naki ne.
Na ce a'a, a mayar da shi kan kanta.
Akwai wata a aji ɗaya, Nafisa,
tun watan jiya take zama ita kaɗai a bayan aji.

Fensirinka ban goge ba.
Ganyen ne kawai na ɗauke.
Yana cikin takalmin.